Masu aiki da tubalan talidomaid wajen harhaɗa PROTAC, yaya kuke fama da su?

Sabuwar Ɗaliba: Assalamu alaikum. Malamina ya ɗora ni kan harhaɗa PROTAC mai rusa furotin BRD4, wato sinadari mai gefe biyu da mahaɗi a tsakani: gefe ɗaya ya kama furotin da ake son rusawa, ɗayan ya kama sereblon, furotin da ke taimakawa wajen sa masa alamar rushewa. Gefen JQ1, mai kama BRD4, lafiya lau. Gefen da ke kama sereblon ne ya hana ni sakat: na dafa 4-fuloro-talidomaid da amin mai ɗauke da mahaɗin PEG a cikin ruwan narkarwa DMF da bes ɗin DIPEA, zafi digiri 90, sai ga wani baƙo mai nauyi 302 a LC-MS, na'urar rarrabe sinadarai da auna nauyinsu, ya ƙi rabuwa da abin da nake nema. Yayyena, wa ya taɓa ganinsa?

Tsohon Hannu: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Wannan baƙon kowa ya sha shi. DMF ne ke rubewa idan ya haɗu da zafi da bes, ya saki daimetilamin, shi kuma ya riga amin ɗinki zama a gurbin fulorin. Koma wani ruwan narkarwa, DMSO ko NMP. Tun da muka koma DMSO ban sake ganinsa ba.

Maman Biyu: Ni a wajen tacewa na gan ta. Zoben gulutarimaid ɗin nan na jikin talidomaid ba ya son ruwa mai bes ko kaɗan. Na bar samfuri ya kwana a bafa mai pH sama da 8, da safe kololuwa ta biyu ta fito, nauyinta ya ƙaru da 18, wato ruwa ya shiga ya buɗe zoben. Kuma idan ya buɗe, sereblon ba ya kama shi. Yanzu da ɗan asid nake tacewa a na'urar HPLC, in busar nan take. Abin da nake so da 'yan gidan pomalidomaid, ɗan uwan talidomaid, shi ne launinsu: rawaya shar, suna ƙyalli kore-kore a ƙarƙashin fitilar UV, da ido kike bin su suna sauka a kolom.

Sannan 'yar uwa, ki tuna abin da kike riƙe da shi. Talidomaid ɗin nan ne ya jawo haihuwar jarirai sama da 10,000 da nakasa bayan an fara sayar da shi a 1957, sai 2010 masana a Japan suka gano sereblon yake kamawa. Da na samu ciki na faɗa wa shugaban ɗakin bincikenmu, aka ɗauke ni daga kansa gaba ɗaya. Kunya ba ta da gurbi a nan.

Malam na Gida: Ku da ke waje kun huta. Na yi odar tubali wanda aka riga aka ɗaura wa mahaɗi, miligiram 25, ya daɗe a hanya, ya iso ya yi danƙo kamar alewar da ta sha rana, don PEG na jan laima. Ga firiza da wuta ke zuwa tana tafiya. Yanzu rarraba shi nake yi ƙananan kwalabe, a bushe, ba na narka sai wanda zan yi aiki da shi ranar.

Tsohon Hannu: Malam, sannu da ƙoƙari. Ni dai shawarata, a sayi masu tsawo daban-daban a gwada tukuna, don ba a sanin tsawon mahaɗin da zai yi sai an gwada. Idan an samu mai aiki sai a harhaɗa shi da yawa.

Mai Ƙwayoyin Halitta: Daga ɓangarenmu masu gwaji, don Allah ku riƙa turo mana da na kwatance, wanda aka sa wa metil a naitirojin na gulutarimaid. Shi ba ya kama sereblon. In babu shi, ba mu da hujjar cewa ta sereblon furotin ya rushe. Masu amfani da VH032, mai kama furotin VHL maimakon sereblon, kuma su turo mai juyayyen haidiroksi, irin cis-MZ1. Kuma in kin ga furotin ya dawo a awo mafi yawa, kada hankalinki ya tashi. Kowane gefe ne ya kama nasa daban, ukun, wato PROTAC, furotin da sereblon, ba su haɗu ba. Ki duba furotin IKZF1 da IKZF3 ma, pomalidomaid na rusa su ko ba a aike shi ba.

Sabuwar Ɗaliba: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na ɗora a DMSO yanzu. Yaya Tsohon Hannu, DIPEA ɗin nawa kuke sawa?