Tanti ko tirelar kwana mai naɗewa: wanne ya fi dacewa da aikin daji a ƙasar Daura?

Baban Walida:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota da kwanan daji. Aikina sa ido kan haƙar rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Baure, Zango da Sandamu, kuma aiki ɗaya kan riƙe mu kwana uku zuwa biyar a wuri guda. Mu biyu muke kwana a tanti, wani lokaci uku. Matsalar tanti dai kowa ya san ta: kwanan ƙasa, kunama, ruwa da ke shigowa ta ƙarƙashi da damina, ga ɗaure kaya da kwance su.

An nuna mini wata ƙaramar tirelar kwana, ta hannu, daga Amurka aka shigo da ita. In an naɗe ta akwati ce kawai da ba ta wuce ƙirjin mutum ba. In an juya wani hannu sai rufin ya ɗaga, gado ya fito gaba da baya, bangon kuma tamfol ne da raga. Mai ita ya ce nauyinta ba kaya kilo 820 ne. Motata Corolla ce ƙirar 2010. In saya, ko in ci gaba da tantina?

Makaniken Ƙofar Sauri:

Wa alaikumus salam. Yallaɓai, da motar za a fara, don ita ce ke yanke hukunci. Corolla ta wannan shekarar, irin ta Amurka, an ƙayyade mata jan kusan kilo 680 ne. Tirelarka ta wuce haka tun ba a sa mata ko cokali ba. Yanzu ƙara ruwa: tankin lita 75 kilo 75 ne cif. Batir mai amfiya 100 na kusan kilo 30. Tukunyar gas mai kilo 12.5 in ta cika ta haura kilo 25. Ga katifa, tukwane, buhun shinkafa, kayan aiki. Ka kai tan ɗaya ba ka sani ba. Motar za ta ja a kan kwaltar Katsina zuwa Daura, har ka ce ai ba komai. Inda za ta nuna maka shi ne wajen tsayawa, da kuma man giya da zai riƙa dahuwa a zafin Afrilu har giyar ta fara zamewa. Da Corolla dai, amsata a'a ce.

In akwai babbar mota, Hilux ko Sienna mai kayan ja (ita an ba ta kusan kilo 1,580), to ga abin dubawa.

Ƙugiyar ja a jikin shasi ake ɗaure ta da ƙusoshi masu ƙarfi. Kada wani mai walda ya liƙa maka ita a bamba. Ƙwallon ƙarfen da bakin tirelar ke hawa kansa kuma girma-girma ne: ƙananan tirelolin Amurka inci 2 ne ko inci 1 da 7/8, na Turai milimita 50. Ido ba ya rabe inci 2 da milimita 50, amma sakwa-sakwan da ke tsakani ya isa bakin ya riƙa wasa a kan gargada. In kuwa aka ɗora bakin inci 2 a kan ƙwallon 1 da 7/8, rami ɗaya zai iya tsige ta. Karanta lambar da aka buga a bakin tirelar, ka nemo daidai ita. Sarƙa biyu na tsaro a gicciye ake ɗaura su a ƙarƙashin wuyan tirelar, wato ƙarfen gabanta da ake maƙala wa mota, don in ta tsige wuyan ya faɗa kansu, kada ya caki ƙasa.

Rabon kaya: kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ya kamata ya sauka kan wuyan, wato kilo 100 a tirelar tan ɗaya. Mai nauyi a sa shi kan aksil ko ɗan gaba da shi. In ka tara jarkoki a baya, da ka kai gudun 80 za ta fara lilo hagu da dama, in babbar mota ta wuce ka abin ya ƙaru. In haka ta faru, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi.

Sai birki. Wasu na Amurka masu wannan nauyi birkin lantarki gare su, kuma ba ya aiki sai an sa wa motar wata 'yar na'ura da ke tura masa wuta in ka taka. In soket ɗin tirelar mai baki 7 ne, galibi akwai birkin. In mai baki 4 ne, fitilu kawai yake ɗauka. Mai rewaya zai iya haɗa fitilun, amma na'urar birkin sai an yo odarta.

Tayoyi su ne ciwon kai na kullum. Inci 12 ko 13 ne, ƙanana, suna juyawa fiye da na motar, don haka boris ɗinsu na saurin zafi. A wanke shi a sake giris kowace shekara, kuma bayan kilomita 20 na farko ka tsaya ka taɓa cibiyar tayar. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya ajiye hannu, akwai magana. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In ta haura shekara 6 a canza ta ko da zanenta bai cinye ba. Wani abu da ke ruɗar mutane: rim mai rami huɗu na tirelar Amurka tazararsa milimita 101.6 ce, na Golf 100. Zai shiga kamar ya zauna, amma notocin na zama a karkace, su kwance a hanya.

Baban Walida:

Na gode Oga, Allah ya saka. Akwai Hilux ta wurin aiki da zan iya amfani da ita, don haka maganar ja da sauƙi. Abin da ya rage, ita kanta tirelar za ta jure yanayinmu?

Abu Hanifa, Mai'adua:

Malam, kafin ka kai ga jurewa, ka tambayi kanka me za ta magance maka. Abu ɗaya take yi da kyau: tana ɗaga ka daga ƙasa. Kunama da kububuwa da ruwan da ke malala sun rage, katifa na zama a shimfiɗe, tukwane na da mazauni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwana biyar a wuri guda.

Amma bangon tamfol ne, kamar dai na tantinka. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, zai same ka a ciki yadda yake samunka yanzu. Sanyin Janairu ma haka, har ya fi, don gadajen a rataye suke, iska na bi ta ƙarƙashinsu. Sai ka shimfiɗa bargo ko tabarmar roba a ƙasan katifar. Iskar farkon damina kuwa ta fi cutar da tirelar. Tanti gajere ne, in ka kafa turaku da kyau iska ta bi ta kansa. Ita kuwa in an ɗaga ta haura mita biyu, rufi mai nauyi a kan sanduna huɗu. In hadari ya haɗo da guguwa, ko dai ka juya ƙaramin gefenta ga iskar tun farko, ko ka sauke rufin ka koma mota.

Kafa ta ma ba danna maɓalli ba ne, minti 20 zuwa 30 ne ga wanda ya saba. Ka daidaita hagu da dama da katako a ƙarƙashin taya, ka sa wa tayoyin waigi, ka cire ta daga mota, ka daidaita gaba da baya da jak ɗin wuya, ka ɓalle maƙallan rufi huɗu, sannan ka juya. In ka manta maƙalli ɗaya ka juya da ƙarfi, wayar ɗagawa, wato wayar ƙarfen da ke ɗaga rufin, ta tsinke. In ba ta daidaita ba, ƙofa ba za ta zauna a gurbinta ba. Ƙafafun kusurwa huɗun nan kuma don hana girgiza aka yi su, ba don ɗaga tirelar ba; a yashin ƙasar Daura sai ka sa wa kowace falanki, in ba haka ba kafin asuba ta nutse.

Sannan hanya. Daga kwalta zuwa bakin aiki yawanci burji ne ko turbar amalanke. Cikin tirelar nan a ƙasa yake, kuma tayoyinta ba sa ja, jan su ake. Hilux da za ta ratsa yashi ita kaɗai tana iya kafewa da tan ɗaya a bayanta, kuma komawa da baya a siririyar turba tsakanin gonaki aiki ne. In aksil ɗinta mai sifirin ɗin ganye ne, ana iya mayar da shi ƙarƙashin sifirin, a samu ƙarin tsawo kamar santimita 10. In na roba ne a cikin bututu, wannan dabarar ba ta yiwuwa.

Ni a ganina, in kashi biyu cikin uku na wuraren aikinka sai an bar kwalta da nisa, kuɗin ya fi amfani a wani wajen: gadon naɗewa mai ƙafa ga kowa, tanti mai tsayi da mutum ke miƙewa a ciki wanda ƙasansa ke ɗinke da bango, babban tamfol da za a ɗaura a sama da tazarar kamu biyu don inuwa, da akwatunan ƙarfe biyu da kaya ke zama a ciki dindindin. A share tsidau da ƙayar aduwa kafin a shimfiɗa, a haƙa 'yar magudana a kewaye da damina. Turakun da ke zuwa da tanti ba sa kama yashi; mai walda ya yanka maka rodi na santimita 40 ya lanƙwasa kansa.

Injiniya Sola:

Abu Hanifa ya yi gaskiya a kan zafi, amma ban yarda a yar da ita gaba ɗaya ba. Mai kwana uku zuwa biyar a wuri ɗaya shi ne ainihin wanda aka yi wa ita. Wanda ba ta yi wa ba shi ne mai tashi kowace safiya.

Ga ɓangarena. Wayarin ɗin cikinta na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, namu 230. Kada a kuskura a jona ta da janareta kai tsaye, cajar da ke ciki za ta ƙone nan take. Mafi sauƙi a kashe layin 120 ɗin baki ɗaya, a bar na 12 da ke ɗaukar fitilu da famfon ruwa. Batir mai amfiya 100 na riƙe wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne rabi ake ci, 600. Fanka biyu masu wat 20 na awa 8 sun ci 320, fitilu da cajin waya su ci kamar 80. Farantin sola mai wat 200 zai mayar da wannan a yini ɗaya, muddin ana goge masa ƙura kowace safiya da hunturu. In akwai na'urar sanyaya ɗaki a rufinta, ka ɗauka babu: tana cin sama da wat 1,000, ta 120 ce, kuma nauyinta na wahalar da wayar ɗagawa. A cire ta a toshe gurbin da kyau.

Gas kuma, bakin tiyonsu ba ya shiga tukunyarmu. A sa regileta irin tamu da sabon tiyo, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Tukunyar a waje take zama, kan wuyan tirelar. Kuma don Allah, komai sanyi, kada a shiga da kaskon gawayi ciki a zuge zif. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum, daga nan ta kashe shi.

Makaniken Ƙofar Sauri:

In za ka je ganinta, ka tafi da sukundireba da tef na awo. Ka ɗaga rufin da hannunka ka sauke sau biyu. In ya kai ƙarshe ka auna kusurwa huɗu. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da yatsa biyu, wayarta ta saki ko ta fara tsinkewa. Leƙa ƙarƙashi ka ga wayar, in ta fara gashi to kwananta ya ƙare. Waya da boris za ka iya samun madadinsu a Ƙofar Ruwa a Kano, amma rufi da tamfol ɗin da aka yanka daidai ita babu su a kasuwa.

Danna sukundireban a kusurwoyin daɓen katakon da gefen ƙofa. In ya nutse, ruwa ya riga ya ci. Dubi silin ko akwai tabon ruwa, ka shinshina ko akwai warin funfuna. Ruɓaɓɓen rufi kaɗai ya isa ka fasa ciniki. Ka nemi takardun kwastan ɗinta tun kafin a yi maganar kuɗi.

Bayan saye, abu uku ke kashe ta a nan. In ka naɗe ta a jiƙe a watan Agusta, ka buɗe ta ta sha rana cikin kwana ɗaya ko biyu. Zif da sandunan ɗagawa kada a sa musu giris, ƙura ce za ta manne ta zama kamar yashi. Kyandir ake goga wa zif. Sai ajiya: a ƙarƙashin rumfa, kan siminti, ba ƙwayar abinci a ciki, don ɓera na cin tamfol, gara kuma na hawa ta ƙafafun in an bar su a kan ƙasa.

Hajiya Maman Sadik:

Ƙanena, ƙari ɗaya. Tanti ba ya jan ido, wannan kuwa duk ƙauyen sai an zo kallo, kuma labari na tafiya. Ɓangaren Daura da sauƙi, amma in aiki ya kai ku wajen Batsari, Safana ko Jibiya, kada ku kwana da ita a fili. Ko ina ne ma, ku fara gaida mai gari, ya nuna muku inda za ku kafa, kusa da gidansa ko harabar makaranta. Ku ajiye motar tana fuskantar hanyar fita, ku tuna cewa naɗe tirelar da maƙala ta na cin kusan rabin awa.

Baban Walida:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan je da makanike ranar Asabar mu auna kusurwoyin mu duba daɓen da aksil ɗin. Oga, na'urar birkin nan, kowace iri ce ke shiga Hilux, ko akwai wadda zan ce a nemo?