Ƙunar salansa: me kuka shafa, yaya ta warke?

Uwar Biyu
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ce salansar babur ta ƙone a ƙafa tana saukowa, wajen bai kai tafin hannu ba. Bororo ya tashi ya fashe da kansa, yanzu kuma gefen ya fara ja yana ɗan fitar da ruwa. A gida kowa da maganinsa: Inna ta ce a shafa jibi (shuɗin maganin ciwon nan, GV), maƙwabciya ta ce a fasa kafso a barbaɗa, a kemis kuma an ba ta wani kirim wai yana maganin komai. Don Allah wanda ya taɓa samun irin wannan ƙunar ya faɗa mana abin da ya shafa da yadda ta ƙare.

Tsohon Ɗan Acaɓa
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Na yi acaɓa a Kano har zuwa 2013 da aka hana, ƙafata ta dama kuwa shaida ce. A tasharmu idan salansa ta taɓa mutum, kafin ya gama salati an yaɓa masa baƙin mai ko man goge baki. Tawa ma haka abokan aiki suka yi mata, da kyakkyawar niyya. Da ciwon ya fara wari na je asibiti, sai da aka wanke man nan kakaf kafin a ga ainihin naman, kuma wallahi zafin wankin ya fi na ƙunar. Wanda ya wanke min ya ce abin da ƙuna take so tun farko shi ne ruwa mai sanyi yana zuba a kanta na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba. Daga nan aka riƙa shafa min farin kirim ɗin nan, Dermazin, a rufe da bandeji, kullum sai an wanke na jiya kafin a sa na yau. Ta warke, amma tabon yana nan.

Hajiya Babba
Ni dai jibi muka tashi muka gani. Yarana duk da shi na yi musu jinyar ƙuna da ƙuraje, yana busar da ciwo, ƙuda ba ya damun wajen. Ɗana na uku salansa ta taɓa shi, jibi na shafa na bar shi a buɗe, ya yi ɓawo ya warke. Ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba.

Anti Nas
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne jibi yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, kuma ƙunar da ba ta yi zurfi ba tana iya warkewa da shi ko babu shi. Damuwarmu a ɗakin wankin ciwo ita ce launinsa. Da ido muke gane zurfin ƙuna: idan naman ja ne jajir, yana da danshi, yana zafi, to saman fata ne, yawanci cikin mako 2 zuwa 3 ya rufe. Idan fari ne fat ko ya yi tauri, kuma mai ciwon ya ce ba ya jin zafi sosai, wannan ita ce mai zurfi, babu man da zai rufe ta da wuri. To idan aka zo mana da ƙafa shuɗiya gaba ɗaya, ta yaya za mu bambance? Na sha ganin ɓawon jibi a bushe ƙamas, ka ɗaga shi mugunya ta ɓulɓulo daga ƙasa. Ƙasar Kanada ma tun 2019 ta janye shi daga kasuwa saboda zargin yana iya kawo ciwon daji.

Uwar Biyu, ga yadda muke yi a wurinmu. A wanke hannu da sabulu. A wanke ciwon da ruwan gishirin nan na ƙarin ruwa, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a zuba sifirit ko Dettol tsantsa a kan ɗanyen nama, don suna kashe sabon naman da ke tofowa tare da ƙwayoyin cutar. Sannan a shafa magani siriri, a ɗora goz mai maiƙo wanda ba ya mannewa, a naɗe. Auduga kada ta taɓa ciwon kai tsaye, zarenta yana maƙalewa, wajen cirewa sai ta taho da sabuwar fata.

Su kuma mayukan kala biyu ne, mutane na haɗa su wuri ɗaya. Akwai masu tsabtace ciwo su rage ƙwayoyin cuta kowace iri, kamar man aidin da ake kira povidone-iodine, da chlorhexidine. Akwai kuma antibiyotik na shafawa, irin su mupirocin 2% da fusidic acid 2%, waɗanda ake ba wa ciwon da ya riga ya kamu, na ɗan lokaci, galibi kwana 5 zuwa 7, ba a shafa su wata da watanni. Silver sulfadiazine 1%, wato kirim ɗin Dermazin da ɗan'uwanmu ya ambata, na ƙuna ne. Yana tare ƙwayoyin cuta, amma da zarar ciwon ya yi tsabta ya fara haɗewa mukan dakatar da shi, don yana iya jinkirta rufewar fata.

Jan da kika ce ya fara a gefe shi ne ya fi tsaya min a rai. Ki zagaye iyakarsa da biro yau da dare. Idan gobe ya tsallake layin, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, maganar shafawa ta wuce, sai asibiti. Man shafawa saman ciwo yake tsayawa, ba ya bin cutar da ta shiga cikin nama.

Maman Ihsan
Yaya, don Allah ki duba jikin kwalin kirim ɗin da aka ba ta. Idan kin ga betamethasone ko clobetasol a rubuce, ki ajiye shi. Ɗiyata tana 'yar shekara huɗu ta jingina da babur ɗin babanta bai huce ba. Irin kirim ɗin nan mai haɗi uku aka ba mu. Washegari jan ya lafa, kumburin ya sauka, muka yi ta murna. Amma ciwon ya ƙi haɗewa, ya yi laushi taɓas, sai ƙananan ƙuraje suka feso a kewaye masu ɓawo ruwan zuma. Likitan yara ya ce sinadarin siteroyid da ke ciki ne ya ɓoye ja da kumburi, alhali yana rage wa fatar ƙarfin kare kanta. Ya ce a daina, ya rubuta mupirocin sau uku a rana. Cikin ikon Allah ƙurajen suka bushe, ƙunar ta rufe. Har yau idan na ga uwa tana shafa wa jariri irin wannan kirim ɗin saboda ƙurajen zafi sai na yi mata magana, ko ban san ta ba.

Mai Kemis
Maman Ihsan ta faɗi gaskiya, kuma ni a sana'ar nake. Kirim mai haɗi uku maganin makero ne da antibiyotik da siteroyid a kwalba ɗaya, ba a yi shi don buɗaɗɗen ciwo ba. Amma ku ma masu saye kuna matsa mana. Mutum ya zo da ƙuna, ka ce ya sayi goz da bandeji da man aidin ya riƙa wankewa kullum, sai ya ce a ba shi ja-da-yalo guda biyu ya barbaɗa. Kafso na haɗiya ne. Garinsa yana dunƙulewa a kan ciwo ya toshe ruwan da ya kamata ya fita, sannan ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, ran da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Ko na shafawar ma haka ne. A New Zealand an taɓa barin mupirocin ana sayar da shi babu takardar likita daga 1991, ƙwayar Staphylococcus ta yi ta bijire masa, dole a 2000 suka mayar da shi sai da takarda. Ni a shagona idan ƙuna ta fi tafin hannun mai ita, ko tana kan gaɓa ko fuska, ba na sayar da komai, asibiti nake turawa. Kuma duk abin da za ku saya ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mai ma yana tsufa, musamman wanda ya sha rana a tire.

Uwar Biyu
Na duba, akwai clobetasol a jiki. Mun ajiye. Na kuma zagaye jan da biro kamar yadda Anti ta ce. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Maraɗi
Gaisuwa daga Nijar. Nan ma kabu-kabu ya ƙona mutane da yawa, har da ni. A likita Bétadine mai ruwan ɗorawa suka wanke mini da ita, suka sa Flammazine, wanda ashe shi ne silver sulfadiazine ɗin da kuke faɗi, suna ne ya bambanta. Tambayar da suka fara yi mini kafin su buɗe kwalbar ita ce ko jikina yana ƙin magunguna masu sulfa, kamar wanda ake sha na cotrimoxazole. Sun kuma yi mini allurar tetanus a ranar. Wannan ban ga kowa ya ambata ba, alhali ƙunar bisa hanya da ƙura take haɗuwa.

Tela Mai Zare
Ni nawa daban ne. Ƙunar ƙarama ce, aka ba ni wani mai da ke ɗauke da neomycin. Ciwon kansa yana warkewa, amma duk inda man ya taɓa sai ƙaiƙayi da ja da ƙananan bororo, daidai faɗin inda na shafa, har shatin yatsa ana gani. Mutanen gida suka ce ciwon ne ke yaɗuwa, a ƙara yawan man. Wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu ta gani ta ce jikina ne ba ya son neomycin, kuma ba ni kaɗai ba ce, yana cikin mayukan da suka fi jawo haka. Da na daina na koma wankewa da ruwan gishiri da shafa basilin mai tsabta a rufe, ƙaiƙayin ya tafi. Alamar da ta koya min: idan ƙaiƙayi ya fi zafi, a zargi man; idan zogi da ɗumi da mugunya ne, a zargi ciwon.

Abu Hanan
Wannan saƙon don masu ciwon suga a gidajenku ne. Mahaifinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, an ɗauko shi a babur daga masallacin Juma'a, salansa ta ƙone shi bai ma sani ba. Sai da dare Umma ta ga wandonsa ya manne da ƙafa. Suga ya daɗe da kashe masa jijiyoyin ji a ƙafa. Da yake ba ya kukan zafi, kowa ya ɗauka abin wasa ne, ana ta shafa man penisilin. Ciwon da bai kai bakin kofin shayi ba ya koma gyambo, gefen ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Sai da aka kwantar da shi, aka yanke mataccen nama, aka yi allurai ta jijiya, aka daidaita sugan da insulin, sannan aka samu kansa. Likitan ya ce mana ciwon ƙafar mai suga, kome ƙanƙantarsa, a ranar ake kai shi a duba. Yanzu kullum bayan isha'i ɗayanmu yana haska ƙafafunsa da tocila, har tsakanin yatsu da diddige.

Amarya Sabuwa
Anti Nas, ina da ciki wata takwas kuma ga ƙunar tukunya a hannu. Zan iya shafa wanda aka ba mijina lokacin da salansa ta ƙone shi? Farin ne, akwai saura.

Anti Nas
A'a ƙanwata, kada ki shafa. Silver sulfadiazine ba a ba mai cikin da ya kusa haihuwa, haka jaririn da bai kai wata 2 ba, don yana iya tsananta shawara a jikin jariri. Man aidin ma ba a son mai ciki ta riƙa lafta shi a wuri mai faɗi, jiki na tsotsarsa ya taɓa maƙoƙon ɗan da ke ciki. Ki wanke da ruwan da ya huce, ki rufe da goz mai maiƙo, idan akwai zobe ko awarwaro a hannun ki cire kafin ya kumbura. Gobe ki je wajen awo ki nuna musu, ki tafi da katinki su duba allurar tetanus ɗinki.