Wa Ke Sarauta a Cikin Jiki? Musayar Baitoci Kan Ɗibbun Yunani

Almajirin Ɗibbu:

Salamu alaikum. Kwanan nan ina bitar yadda magabatan likitoci suka raba wa kayan ciki aiki, musamman a littafin Alƙanun na Ibnu Sina da ya kammala a 1025. A wurinsu shugabanni uku ne: hanta, zuciya da ƙwaƙwalwa. Ga fage na buɗe. Amsa-amo "ta" ne, wanda ya karya shi ya sayi shayi.

Likita Jalinusu ya tsara da Yunananci,
Hunainu a Bagadaza ya Larabta.
Ibnu Sina ya zo ya tattara,
Littafi biyar ya zauna ya rubuta.
Sun ce tumbi tukunya ce kan murhu,
Ta mai da tuwo kunu kafin ta huta.
Hanji ya miƙa tatacce ta jijiya,
Girki na biyu kuwa sai hanta.
Ni a ganina ita ce uwargida,
Duk gidan nan ana cin hannunta.

Gwaggo Mai Tuwo:

In girki ne, ɗana, matsa ka ban wuri,
Ba a koya wa mai murhu halin wuta.
Abu huɗu ke fita a wannan tukunya,
Tsaya in jera maka ka bambanta.
Wanda ya nuna daidai shi ne jini,
Ɗumi da danshi, kowa na buƙata.
Kumfar da ta taso ita ce safra'u,
Zafi da bushi, madaciya ɗakinta.
Ta ɗiga a hanji ta wanke maiƙo,
Ta mintsini mai shi ya san lokacin fita.
Wadda ta zauna a gindi sauda'u ce,
Sanyi da bushi, saifa ta ɗauke ta.
Saifa ta aika kaɗan bakin tumbi,
Yunwa ta tashe ka ko da ka kwanta.
Ɗanyen da bai nuna ba balgamu ne,
Ajiya ce, ran rashi a ƙarasa dafa ta.
Ruwan da ya rage ƙoda ta tsotse,
Mafitsara ta tara, iyakar aikinta.

Ɗan Maƙera:

Gwaggo, girki ya yi, Allah ya ƙara lafiya. Amma a ba ni izini in yi ƙorafi.

Murhu ba garwashi ai duwatsu ne,
Wa ya ba hanta zafin girkinta?
Zuciya ce maƙera, can wutar asali take,
Arisɗo mai falsafa ma ita ya ba sarauta.
Tana ɗaukar tururin jini mai kyau,
Ta mai da shi ruhi, ta raba kyauta.
Huhu bafade ne riƙe da mafici,
Ya kore hayaƙi yana ta fifita.
Shi ya sa likita ke kama wuyan hannu,
Yatsu huɗu, yana sauraron saƙonta.

Malama Mai Alli:

Kun yi ta gardama a madafi da maƙera,
Da me kuka yi tunanin da kuka furta?
Ƙwaƙwalwa sanyi da danshi aka ba ta,
Don kada yawan tunani ya ƙona ta.
Ɗaki uku: zaure na tarbar baƙi,
Ji da gani nan suke fara gaishe ta.
Na tsakiya alƙali ne mai auna zance,
Na ƙurya rumbu, shi ke hana manta.

Ibnu Sina dai ya raba wannan faɗan tuntuni, kuma ni rabon ya gamsar da ni: ya bar wa masu falsafa cewa tushe zuciya ce, amma likita ya kai magani inda aikin ke bayyana. Wanda mantuwa ta dama, kansa za a duba.

Ɗan Mahauta:

Malamai, ni ban yi zurfi a karatu ba, amma kullum da asuba hannuna na cikin abin da kuke waƙa a kai.

Jalinusu ya ce bangon tsakar zuciya
Na da ƙofofi da ido ba ya hango ta,
Wai jini daga dama yake ratsawa.
Na tsaga ta bijimi, na juya na leƙa ta,
Tsoka ce kakkaura kamar tafin hannuna,
Ko tsinken tsire sai da ƙarfi ya huda ta.
Ibnun Nafis a Alƙahira ya yi sharhi,
Ya ce ba ƙofa, zancen ya musanta.
Jini sai ya bi ta huhu ya sha iska,
Sannan ya dawo hagu, ya tabbata.
Ya rasu a 1288, Allah ya jiƙan sa,
Ya ja da manya bai ji tsoron fita ba.

Almajirin Ɗibbu:

Sarkin fawa, ka ƙare da "ba". Shayi ya hau kanka! Kuma tunda an fara tuɓe rawani, ni ma in faɗi abin da ya taɓa uwargidata: likitocin yau sun nuna ɓargo ne ke ƙera ƙwayoyin jini. Hanta ta tsira da yin ruwan madaciya, a nan magabata ba su yi nisa da gaskiya ba.

Gwaggo Mai Tuwo:

Ɓargon ma a tukunyata yake ƙarewa,
Ɗan Mahauta, gobe ka haɗo min da hanta.