Gwajin jijiyoyin ƙugu ga mai matsalar mafitsara: abin da aka ce a zamanmu

Mun zauna da wasu likitoci da nas-nas a nan Sakkwato, kuma yawancin maganar ta tsaya kan gwaji ɗaya. Jijiyoyin da ke riƙe fitsari suna fitowa ne daga ƙasan laka, daga matakan da likitoci ke kira S2 zuwa S4. Don a san ko hanyar waɗannan jijiyoyi tana aiki, likita yana sa yatsa mai safar hannu a dubura, ya ɗan matsa kan azzakari, ko ɗan tsakar mace. Idan tsokar dubura ta tsuke nan take, hanyar ba ta yanke ba.

Wani babban likita ya ja kunne: rashin jin tsukewar ba hujja ba ce ita kaɗai, musamman ga mata, domin wasu masu lafiya ma ba a jin ta da yatsa. Inda akwai na'ura, ana auna lokacin da tsokar ke ɗauka kafin ta tsuke. Abin da ya wuce kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa ana zargin lahani, kamar yadda ake gani ga masu ciwon suga da ya daɗe. Wanda ya karya baya kuwa, kwanakin farko tsukewar kan ɓace, sai a maimaita gwajin.

Wata nas ta ce kunya ce babbar matsalarmu, kuma na yarda da ita. A ja labule, a yi wa Baba ko Inna bayani da Hausa tun kafin a taɓa su, mace ta tsaya wa mace. Kuma a auna fitsarin da ya rage a mafitsara bayan mutum ya gama fitsari.