Me ya sa wani gidan tarihin yake riƙe mutum, wani kuma ana shiga ake fitowa?

Malamin Firamare:
Salam 'yan uwa. Mun kai ɗaliban aji shida wani gidan tarihi, ba zan kama suna ba, wallahi kaya na nan masu daraja amma an cusa su cikin gilashi ɗaya, takobi kan ƙwarya kan alkyabba, bayanin da turanci ƙanana can sama inda yaro ba ya gani, ko benci babu. Yaran nan wucewa kawai suka yi. Laifin yaran ne ko na tsarin wajen?

Ɗan Birni:
Malam tsarin ne. Je ka Gidan Makama a Kano, ginin kansa abin kallo ne, tun ƙarni na 15 zamanin Muhammadu Rumfa. Ta zaure za ka shiga, daga wannan ɗaki ka faɗa wancan, ba ka san me ke gaba ba sai ka leƙa, ga sanyin ginin ƙasa ga azara a sama, to kafin ka iso kan tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa jikinka ya riga ya nutsu.

Ba Damagare:
Gaskiya ne. Mu a Yamai gidan tarihin Bubu Hama, wanda aka buɗe 1959, rumfuna ne daban daban a fili, ka fito ka sha iska ka ga maƙera da dukawa suna aikinsu gabanka, sannan ka shiga na gaba. Itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kayar da shi a 1973, wurinsa daban aka yi masa, shi ya sa 'yan lakwal ke tsayawa suna tambaya.

Maman Ummi:
Ni maganar haske ce ke damuna. Mutane na ƙorafin duhu, amma fa da gangan ake rage wuta inda tufafi da tsofaffin rubuce-rubuce suke don haske yana cinye rini da tawada. Abin da ba na yafewa shi ne a saka ƙwan fitila yana dukan gilashi, ka je ganin kan Nok, wato tsohon gunkin yumɓu na mutanen Nok, ka ɓuge da ganin fuskarka. Malam in za ku koma ka zaɓi abu uku kacal, ku zauna ko a ƙasa ne, ka fassara musu da Hausa.

Malamin Firamare:
Na gode Hajiya. Ɗan Birni, ana barin yara su zauna a zauren ko sai an nemi izini?