Injin ruwana yana cinye impela, ina neman shawara

Mai Gidan Bulo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan bulo a bayan Bukuru. Asali na marigayi mahaifinmu ne, da aka raba gado filin ya faɗo mana ni da yayana da ke aiki a Abuja. Shi ya zuba kuɗi, ni ke tsaye a kai, kuma duk ƙarshen wata sai na tura masa lissafi, har na man janareta da abincin lebura. Matarsa ma tana leƙa littafin, amma wannan wani zancen ne. Ruwa muna jawo shi daga wani tsohon ramin kuza da ke gefenmu, da injin lantarki mai inci 3 da Yaya ya saya a Legas. Duk damina lafiya lau. Tun da sanyi ya shigo sai ya fara ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, yana jijjiga, ruwan kuma ya ragu. Da aka buɗe, impela, wato farfelar da ke juyawa a ciki tana tura ruwa, duk ta yi ƙananan ramuka. An sa sabuwa, ita ma ta fara, ga sil, wato abin da ke hana ruwa zubowa daga injin, yana yoyo. Yanzu Yaya yana tambaya ta cikin ladabi ko da gaske ake sayen kayan. Abin ya hana ni barci. Me zan yi?

Mai Sifiya a Dilimi: Wa'alaikumus salam. Jabun impela aka sayar maka, Alhaji. Nemi ta tagulla ko ta sitenles, ka rabu da ta baƙin ƙarfe.

Manomin Dankali: Yashi ne, ɗan'uwa. Ramin kuza ai yashi ne zalla a ƙasansa. Ni a Barikin Ladi haka nake fama duk rani, ga tsadar fetur, ga dillalai su zo su sa wa buhu kuɗin da suka ga dama. Bara ma tiyo aka sace mini sukutum a gona, har yau ban farfaɗo ba.

Injiniya: Ku dakata tukuna. Yashi goge ƙarfe yake ya yi sumul ko ya yi zane, ba ya barin ramuka. Ramuka da wannan ƙarar, kabiteshan ne, wato ruwa ya riƙa zama kumfar tururi tana fashewa a cikin injin. Malam, mita nawa ne daga saman ruwa zuwa bakin injin? Bututun jan ruwan inci nawa, tsawonsa nawa, gwiwa nawa a jikinsa? Ka ba mu labarin gado, ka bar abin da za a yi aiki da shi.

Mai Gidan Bulo: Da damina bai fi mita 3 ba. Yanzu ruwa ya ja baya, zai kai 6. Bututun inci 2 ne, surukina ya haɗa, kuma ya san aikinsa, gidaje da yawa a Rayfield shi ya yi musu.

Injiniya: To ga ciwon nan. Injin ba shi ke ɗaga ruwa da ƙarfinsa ba, nauyin iska ne ke danna saman ruwan ramin ya tura shi cikin bututu. A bakin teku, kamar Legas, wannan nauyin yana iya riƙe ruwa mita 10.3. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, a nan abin bai wuce mita 9 ba. Dalilin ke nan ma ruwa ke tafasa a Jos a wajen digiri 96 maimakon 100. Cire mita 6 ɗinka daga 9, saura 3. Cire abin da siririn bututu da gwiwoyi da rariyar ƙasa ke ci, da ƙyar ka tsira da 2. Duba takardar injin, za ka ga an rubuta NPSH, shi ne abin da yake buƙata ya rage a bakinsa. Idan abin da ya rage bai kai ba, ruwan yana zama tururi a tsakiyar impela alhali da sanyinsa, kumfa ta taso, ta isa inda matsi ya ƙaru ta fashe a jikin ƙarfe. Fashewar ce ƙarar da kake ji, ita ke gutsurar impela, jijjigar kuma ta kashe sil da boris. Magani: sauko da injin kusa da ruwa, ka sa bututun ja mai inci 4, gajere, ka bar miƙaƙƙen bututu kafin bakin injin, kada gwiwa ta manne masa.

Mai Gidan Bulo: Ranka ya daɗe, saukowa ba za ta yiwu ba. Ɗaki na gina masa da kankare da ƙofar ƙarfe saboda ɓarayi. In na kai shi bakin ruwa kwana ɗaya ba zai yi ba. Kuma damina in ta zo ruwan zai haɗiye shi.

Hajiya Mai Ruwan Leda: Ni a Kubwa irin haka ta same ni, ashe iska ce ke shiga ta mahaɗa. Aka naɗa zare aka sa gam, shi ke nan. Amma sai da wani mai gyara ya karɓi kuɗin sabon injin ya ɓace, waya a kashe har yau. Allah ya isa.

Injiniya: Hajiya, shigar iska daban ce, ko da yake ƙarar kan yi kama, kuma ba laifi ya duba mahaɗun. Malam, yi gwaji kyauta: injin yana aiki, rage bawul ɗin fita kaɗan kaɗan. In ƙarar ta lafa, maganata ce. Amma kada a taɓa rage ruwa ta ɓangaren ja, ƙara ta'azzara abin zai yi. In ba za ka sauko da shi ba, sa ƙaramin famfo mai nitsewa a kan durom biyu a cikin ramin, ya cika maka tanki a sama, babban injin ya sha daga tankin.

Mai Sifiya a Dilimi: Duk wannan lissafin, tagulla dai za ta fi daɗewa.

Injiniya: Za ta daɗe, sannan ita ma ta lalace, bayan ya biya ninki.

Manomin Dankali: Famfo a kan durom? A Filato? Kafin asuba an kwashe har durom ɗin. Ya sa rariya mai ƙananan ƙofofi kawai saboda yashi.

Injiniya: Rariya mai matsewa shaƙe shi za ta ƙara yi. Wadda ke ciki ma a ciro a wanke.

Mai Gidan Bulo: Na gode duka. Amma gaskiya ban yarda bututun ne ba, tunda da shi muka yi damina gaba ɗaya. Kuma ba zan iya ce wa surukina a tone aikinsa ba, uwargida ba za ta ji daɗi ba. Rage bawul kuma zai jinkirta mana cika tanki, ga odar bulo ta makaranta a kanmu. Ina ganin zan gwada ta tagullar tukuna. Oga na Dilimi, nawa take yanzu?

Injiniya: Ka yi gwajin bawul ɗin kuwa? Minti biyar ne fa.

Mai Sifiya a Dilimi: Turo hoton tsohuwar ta akwatin saƙo, in ga lambarta.

Hajiya Mai Ruwan Leda: Don Allah akwai wanda ya san mai gyaran injin liƙe leda mai amana a Abuja?