Rigakafin yara a asibitin ƙauye, haka ake yi muku?

Maman Zahra: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni. Na kai 'yata allurar sati 6 a asibitin garinmu nan gefen Ringim, tun sassafe muke zaune kan benci har azahar ta gabato, da na tambayi nas ɗin yaushe za a fara sai ta daka min tsawa gaban mutane wai in ina sauri in tafi gida. Ko ina haka ne?

Baban Sadiq: Wa alaikumussalam. Gaskiya tsawa bata da daɗi amma wani lokacin ba laifinsu bane, allura irin BCG (ta tarin fuka) da ta ƙyanda in aka haɗa kwalba bayan awa 6 zubarwa ake yi, shi yasa suke jira yara su taru. Matsalar dai basa bayani.

Anti Ladi: Mu kam a wajenmu ta Bichi mun dace wlh, malamar har wasa take da yara, ta ce min penta, allurar nan mai kare yara daga cuta biyar, tana sa zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu kada in tsorata, ta rubuta min ranar dawowa a kati, sati 10 da sati 14, ta ƙyanda kuma wata 9.

Malam Iro: Hajiya kiyi haƙuri kada ki fasa, rigakafin kyauta ne. Ki faɗa wa maigidanki ya samu incajin asibitin ko mai unguwa, kwamitin mazaɓa ma yana jin irin wannan ƙorafin.

Maman Zahra: To nagode, zan koma ranar Talata insha Allah.